Motar Alhaji da Ƙafar Inno

Shinkafi,
Lahadi, 12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Armiya'u,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ina Laila da yara? Ya aikin gareji, ya kuma wannan hali da muka tsinci kanmu? Allah ya kawo sauƙi. Ni lafiya lau, sai gajiya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina makarantar ungozoma. To tun da aka ɗauke sabis, wayata ta koma fitila. Namadi direba, mai lodin Ƙaura, shi zai kawo maka wannan, in ka ba shi amsa zai dawo mini da ita.

Yaya, maganar mahaifiyarmu Inno ce. Jiya wata mata daga Zurmi ta kawo mini saƙon Nusaiba, maƙwabciyarmu da ke kula da ita. Ciwon nan na babban yatsan ƙafarta ta hagu ya ƙi warkewa. Yanzu yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ma ya fara. Ka san mai ciwon suga. Ni aikina ke nan, na san abin da baƙin nan yake nufi. Ba abin gida ba ne, sai babban asibiti a Gusau, kuma ba da daɗewa ba.

Ni kuwa ga ni a ɗaure. Mu uku ne a ɗakin haihuwa. Ɗaya ta tafi ganin gida ba ta dawo ba, ɗaya mijinta ya hana ta fitowa, saura ni kaɗai. In na sa ƙafa na fita, duk wadda naƙuda ta zo mata da gardama ba ta da kowa. Ƙanena Rilwanu yana Fatakwal wajen aiki, ba ni da hanyar da zan ji shi. Nusaiba ta nemi shata a tashar Zurmi, ba wanda ya yarda. Mai ya yi wuya, kowa sai ya cika mota maƙil kafin ya tashi, Inno kuwa ko sauke ƙafar ƙasa ba ta iyawa, balle a matse ta cikin mutum bakwai.

Shi ne na tuna motar Baba da Rilwanu ya bari a garejinka bara. Tana iya tashi? Kada ka ɓoye mini komai. Na san kakarka da kakata ne 'yan ɗaki ɗaya, wasu za su ce zumuncin ya yi nisa, amma Baba bai taɓa ɗaukar ka sai ɗa ba, ni ma ban san wani yaya da ya wuce ka ba. Ba ni da wanda zan ɗora wa wannan sai kai.

Ƙanwarka,
Muhsina Na'Allah.

Ƙaura Namoda,
Laraba, 15 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanwata Muhsina,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode Allah da kike lafiya. Mu ma lafiya lau. Laila na gaishe ki, ta ce Allah ya ba Inno lafiya, ya sa kaffara ne.

Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da sifana.

Tun da na karanta na yaye tamfol ɗin da na rufe motar da shi. Kin ce kada in ɓoye, to ga shi.

Injin lafiya lau yake. Wanga inji mai fulogi shida, tun ranar da Alhaji ya shigo da ita daga Kwatano, shekara ashirin ke nan, ba hannun da ya taɓa buɗe shi sai nawa. Kowane wata uku sai ya tuƙo ta daga Zurmi in canza baƙin mai, ya zauna kan benci yana kallona, wai kada in sa mata abin da ba nata ba. Abin da ya mutu shi ne batir da famfon mai, kuma lagireto na ɗiga. Da can sai in buga waya Kano a sako mini kaya a mota, gobe su iso. Yanzu ba waya. Amma na sami famfon wata mota a wajen Muttaka mai walda, zan sassaƙa mishi mazauni. Lagireton kuma za mu like shi.

Matsalar ba nan take ba. Kin san abin da Rilwanu ya yi mata bayan rasuwar Alhaji. Ya kai ta Kaduna sunka yanke mata sifirin don ta kwanta ƙasa, sunka sa mata faffaɗan wili da taya siririya kamar zobe, sunka baƙanta gilasai, sunka huda salansa don ta riƙa ruri. Na auna jiya, tsakanin cikinta da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba. Hanyar Zurmi kuwa, bayan wagga damina, akwai ramukan da akuya za ta kwanta ciki ba a gan ta ba. In na shiga da ita haka, ramin farko zai fasa kaskon baƙin mai.

Na biyu ya fi wannan. Baƙar motar Jamus, mai sheƙi, mai baƙin gilashi, duk wanda ya hango ta daga daji zai ce babban mutum ne ciki. Wagga mota an yi ta ne don a kalle ta, mu kuwa yanzu abin da muke so kada kowa ya kalle mu.

Don haka sai na ɗaga ta. Ina da sifirin na wata tsohuwar bas da wilin ƙarfe da manyan tayoyi, aikin kwana uku ne. Sai na ɓare baƙin gilashin, na kankare fentin, na maida ta akwala. Sai na fidda kujerar gaba don katifa ta shiga. In anka yi haka ba ta sake komawa yadda take. Rilwanu kuwa ranar da zai tafi sai da ya sa na yi mishi alkawali ko madubi ba zan taɓa ba sai da saninshi. Ya ce abin da ya rage mishi na Alhaji ke nan.

To abu biyu nike son ji daga gare ki. Kin yarda in ɗaga ta? Sannan direbobi na haɗuwa su tafi Zurmi a ayari ranar Alhamis ta sama, ashirin da uku ga wata. In bi su, ko a dakata har hanya ta lafa? Ke ce ma'aikaciyar lafiya, ke kinka san kwana nawa ƙafar za ta iya jira.

Yayanki,
Armiya'u.

Shinkafi,
Juma'a, 17 ga Satumba.

Yaya, salamu alaikum, ina fatan kuna lafiya. A tsaye nake rubuta wannan, ina kan mai naƙuda, Namadi kuma yana ƙofa yana danna oda.

Ka ɗaga kawai. Jiya ma an tare hanya, an kwashi mutane a mota biyu, abin sai ƙaruwa yake. Rilwanu ka bar ni da shi, ni zan yi masa magana.

Muhsina.

Ƙaura Namoda,
Juma'a, 24 ga Satumba.

Zuwa ga ƙanwata Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da ke da masu jego. Mu nan lafiya, sai ƙaramar ɗiyata Nazifa da ta yi zazzaɓi, ta samu sauƙi.

Na ɗaga tafiyar kamar yadda kinka ce. Jiya ina tsaye bakin tasha ayarin ya tashi, mota tara, kuma da la'asar sunka dawo duka lafiya. Raina ya ɗan sosu, amma na ce ke kinka fi ni sani. Na ba wani direba auduga da bandeji da maganin wanke ciwo ya kai ma Nusaiba. Ya dawo ya ce Inno na gaishe mu, ta ce da sauƙi. Kin san Inno, ko wuta ke cin ta da sauƙi za ta ce.

Jikin motar ban taɓa ba, ina jiran ki gama magana da Rilwanu. Amma ta tashi. Famfon ya zauna bayan na yi ta gwaji kwana biyu. Kin san an hana sayar da mai a jarka, don haka sai da munka tura ta, mu biyar, tun daga gareji har gidan mai, mutane na yi muna dariya. Da anka zuba, na murɗa makulli, ta yi tari sau biyu ta kama. Muhsina, na zauna ciki na rufe ƙofa, ƙamshin fatar kujerun nan yana nan yadda yake. Tazbahar Alhaji ma na cikin aljihun ƙofa. Na daɗe ban fito ba.

Tana shan mai kamar raƙumi, abin da ake yarda a sayar ma mota ɗaya ba ya kai ta ko'ina, don haka kullum sai na bi layi in ƙara kaɗan. Yanzu tanki ya wuce rabi.

Namadi bai yi lodi ba tun ranar Litinin, ya ce ba ya shiga hanyar Shinkafi sai ya ji wani ya fito daga can. Zan bar takardar ga hannunshi. Ki sanar da ni ranar da kinka ga ya dace.

Yayanki,
Armiya'u.

Shinkafi,
Litinin, 4 ga Oktoba.

Yaya Armiya'u,

Salamu alaikum. Ina fatan Nazifa ta warware. Ni lafiya, in wannan sunanta lafiya.

Yau da hantsi Namadi ya miƙo mini takardarka, kwana goma bayan ka rubuta ta. Na karanta layin farko na zauna a ƙasa, a gaban mutane.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, motar na ce ka ɗaga! Motar! Ba tafiyar ba. Na ambaci tare hanya ne don ka yi sauri kafin a rufe ta gaba ɗaya. Da na ce ka bar ni da Rilwanu, nufina ka yi aikinka, laifin ya hau kaina. Ta yaya zan yi masa magana, ni da ko Ƙaura ba na iya kira?

Kwana goma sha bakwai ina nan ina lissafa muku. Ranar Alhamis ɗin nan na ce yanzu sun ɗauko ta, yanzu sun wuce Ƙaura, yanzu likita ya gan ta. Shirun da na ji na ɗauka kana Gusau wajen jinya ne. Har sadaka na yi ta godiya.

Ba na ganin laifinka. Kalma ɗaya zan ƙara, mota, harafi huɗu, ban ƙara ba. Ina rubuta wa mata takardar magani kullum, ina ja musu layi a ƙarƙashin safe da yamma don kada su ruɗe, amma ta uwata na rubuta a tsaye kamar mai sallamar baƙo.

Yanzu ka ji da kyau, zan rubuta dalla-dalla. Ka ɗaga motar. Ka kankare fentin, ka cire kujera, ka yi mata duk abin da za ka yi. Ka tafi Zurmi da ayarin farko da ka samu. Ka kai Inno Gusau a ranar, kada ku kwana Ƙaura. Ka tafi da Nusaiba in mijinta Jafaru ya yarda. Kada a jiƙa ƙafar, a naɗe ta sakwa-sakwa, a ɗora ta a kan filo. In Inno ta ce ba ta zuwa, ka ce ni na roƙe ta don darajar Baba.

Ban san yadda ƙafar take yanzu ba. Ina tsoron in sani.

Muhsina.

Gusau,
Litinin, 11 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Muhsina,

Assalamu alaikum. Abu na farko, Inno na da rai, tana asibiti, ta farfaɗo, ta sha kunu da safe. Ni da Nusaiba lafiya lau. Na fara da wannan don kada ki sake karanta layin farko ki faɗi. Sauran ki zauna tukuna.

Takardarki ta same ni ranar Talata. Ban iya cin abinci ba. Ni da Muttaka munka kama aiki nan take. Kwana uku munka ɗaga ta, ta tsaya ƙerere kamar zakara. Da anka zo kankare fenti na miƙa ma Muttaka sanfefa na fita waje, ban iya ba. Ni na saba goge ta da tsumma mai laushi. Da na dawo ya shafa mata jan fenti faci-faci, ya ɓalle tambarin gaba, ya ɗaura buhuna wofi a kan rufi. Ko ni da na ganta a hanya ba zan waiga ba.

Ranar Asabar na bi ayari, munka isa Zurmi kafin azahar. Tun daga zaure na ji warin ƙafar. Jafaru da wani maƙwabci sunka ɗauko Inno a tabarma. Da ta ga motar sai ta ce a tsaya.

Ta ce, "Armiya'u, mi kaɗ ɗauko mini haka? Ina ta Alhaji?"

Na ce, "Ita ce, Inno."

Ta ce, "Ƙarya kakai."

Da munka kwantar da ita a katifa, ta miƙa hannu ta shafa kujerar baya, ta shafa katakon ƙofa. Can ta ce, "Ita ce. Wa ya yi mata wanga wulaƙanci?" Na ce ni ne. Ta ce, "To mu tahi."

Kafin a gama shiri ayarin ya fara tashi, mu ne na ƙarshe. Mun ci kusan rabin hanya, inda dawa ta rufe titi hagu da dama, sai na ga motar da ke gabana ta ja birki tana neman juyawa. Babura ne ke fitowa daga cikin dawa, mutum bibbiyu, ba su kai ga hawa titi ba. Wagga mota doguwa ce, kafin in juya ta sun iso. Na ce ma Nusaiba ta kwanta kan Inno, na sauke giya na taka totur har ƙasa.

Muhsina, shekara ashirin ina gyaran motar ga, ban san abin da ke cikinta ba sai ranar. Ta ɗauke mu kamar an harba. Na ji harbi sau biyu a bayanmu, ban waiga ba. Sai dai da anka ɗaga ta ba ta riƙe titi kamar da, tana ta lilo, ga ramuka. Wani rami ban gan shi ba sai da munka faɗa. Na ji ƙara a gaba, na san likin lagireton ne ya buɗe. Allurar zafi ta fara hawa.

Na san abin da ya kamata, a tsaya a kashe inji. Da na tsaya minti ɗaya da ta tsira. Ina kallon allurar ta shiga ja, ina jin injin na canza murya, ina ba shi wuta. Ya kai mu wajen kilomita goma sha biyar a haka. Sannan ya buga, ta gangara gefe ta tsaya, kusa da wani ƙauye da mutanenshi sunka tashi.

Allah ya kawo wani mutumin Gurbin Bore da a-kori-kura, ya kwaso iyalinshi zai bar gari. Ya sauke buhu biyu na gero a bakin hanya don katifar Inno ta samu wuri. Ko sunanshi ban tambaya ba. A Ƙaura na samu mota, kafin magariba muna Gusau.

Jiya anka yi aikin. An yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Na tambayi likita ko da mun zo da wuri. Bai so ya faɗi ba, na matsa mishi. Ya ce da mako biyu baya ne, wataƙila yatsu kaɗai za a cire.

Kin ce ba laifina. To ki ji. Na sake karanta 'yar takardarki jiya, a fili take. Ni na ce miki zan ɗaga mota, ke kinka ce in ɗaga. Ina jin tsoron hanyar ne, kuma ba na son in sa ma motar hannu. Sai idona ya karanta abin da zuciyata ke so. Wannan tsakanina da Allah ne, amma ba na son ki ɗauke shi ke kaɗai.

Yayanki,
Armiya'u.

Shinkafi,
Asabar, 16 ga Oktoba.

Zuwa ga Yaya Armiya'u,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Allah ya tsare ku. Ya mai jiki? Ya gajiyar Nusaiba? Ka ce mata ban san da bakin da zan gode mata ba.

Na karanta takardarka sau uku. Na yi kuka, na wanke fuska, na koma na karɓi haihuwa. Tagwaye ne.

Maganar laifi mu bar ta. Kai ka ce naka ne, ni na ce nawa ne, ƙafar dai ba za ta dawo ba. Mutumin da ya ratsa ta gaban bindiga da uwata a bayansa, ba ni ce zan tuhume shi da tsoro ba.

Na yi ƙoƙarin zuwa. An turo mana wata ma'aikaciya ta wucin gadi, na roƙi kwana uku aka ba ni. Shekaranjiya na shiga motar Namadi da jakata. Ba mu yi nisa da gari ba muka haɗu da motoci suna dawowa da fitilu a kunne, kowa yana yi mana hannu mu juya. Muka juya. Jiya ma haka. Yau wadda aka turo ta ce ita ba za ta iya zama ba, gobe za ta koma. Namadi ya ce zai gwada shi kaɗai da kaya, shi ya sa takarda za ta iso inda ni ban iso ba. Akwai zannuwa biyu da man shafawa a ƙunshin.

Don Allah a riƙa juya ta duk bayan awa biyu kada bayanta ya yi gyambo. Kada a bar masu dubiya su ba ta lemon kwalba. In ta ce yatsun da aka cire suna yi mata ƙaiƙayi, kada ku ce ta ruɗe, haka abin yake.

Na ji an dawo da sabis a Gusau. Ka kira Rilwanu, lambarsa na bayan takardar nan. Ka faɗa masa komai, ka ce ni na ba da izini.

Motar fa? Ba yadda za a jawo ta? Ba don komai ba, na san Inno za ta tambaya.

Ƙanwarka,
Muhsina.

Gusau,
Laraba, 27 ga Oktoba.

Zuwa ga ƙanwata Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ƙunshin ya iso. Inno na samun sauƙi, ciwon ya fara haɗewa, suga ya sauka. Laila ta zo ta karɓi jinya don Nusaiba ta koma ga 'ya'yanta.

Na kira Rilwanu. Na shirya ma faɗa, sai bai yi ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, da ban kwantar da ita ƙasa ba, da tun ranar farko ka tafi ko?" Na ce ya bar wagga magana, mun riga mun yi yawa masu ɗaukar laifi. Yana neman hutu ya zo.

Motar kuwa, na bi masu janwe uku a Ƙaura, ba wanda ya yarda ya tsaya a wurin ko na minti biyar. Ban ga laifinsu ba. Direbobin Zurmi ke kawo mini labari. Ran farko sunka ce tana nan lafiya. Bayan kwana biyu ba tayoyi. Sai batir, sai kujeru, sai ƙofofi.

Ranar Asabar na raka Nusaiba gida, na zauna gefen taga don in gani. Na roƙi direban ya ɗan sassauta in mun iso, ya ce in yi haƙuri. Da gudu munka wuce. Abin da na gani bai fi ƙiftawar ido ba. Tana zaune kan duwatsu, bonet a buɗe, an cinna ma cikinta wuta. Da munka dawo ban duba ba.

Inno ta tambaya, kamar yadda kinka ce. Na yi niyyar in ce tana gareji, bakina ya ƙi. Na faɗa mata duka. Sannan ta ce, "Ko tamfol ba ka rufa mata ba? Alhaji bai barin ta ga rana."

Ta sa na rubuta miki wannan da bakinta: "Muhsina, ki zamna inda kike. Kada ki sake shiga hanyar ga sabili da ni. Abin da za a yanke an yanke. Ki kama ɗiyan mutane da kyau, in hanya ta buɗe kya zo ki ishe ni."

Sandunan dogarawa da ke akwai nan sun yi mata tsawo, kin san Inno ba ta da tsayi. Na auna ta daga hammata zuwa ƙasa da igiya, na je Ƙaura, ni da Muttaka munka yanka bututu marar nauyi munka yi mata guda biyu, na naɗe kan da soso da fata. Wannan dai na iya.

Jiya ta gwada. Taku huɗu ta yi, daga gado zuwa taga, Laila na riƙe da ita. Tagar na kallon filin da ake ajiye motoci. Ta tsaya nan tana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya, har hannuwanta sunka gaji. Sannan ta ce a maida ta ta kwanta.

Yayanki,
Armiya'u.